Guɗar Yaya Turai

Duk wanda ya ce muku matan cikin birni ba su taɓa neman ƙuri'a ba sai da aka kawo musu ita har gida, ku turo mini shi. Ni 'Yardada ina nan Ƙofar Na'isa ban tashi ba, kuma da kunnuwana na ji ranar da aka nema. Wadda ta nema ɗin maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, sunanta Turai. Ba malama ba ce, ba 'yar sarauta ba ce, karatunta bai wuce surorin salla ba. Har ta koma ga Allah ba ta jefa ƙuri'a a garin ubanta ba, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. Sana'arta guɗa.

Kada yaran yanzu su yi mini dariya. Kowace mace tana iya kama hanci ta yi ihu, amma mai guɗa daban take. In an haihu ita ke sanar da unguwa. In an ɗaura aure ita ke shigar da labarin cikin gida. In za a fitar da amarya daga gidan ubanta, ita ce a gaba, sai ta buɗe baki sauran mata su amsa. Amaryar da aka fitar shiru kuwa ta shiga uku da bakin dangin miji, don har ta tsufa za a riƙa tambaya wane abin kunya aka rufe ranar. Kowace unguwa da mai guɗarta, kuma akwai ladabi a tsakaninsu: ba mai shiga unguwar wata ta buɗe baki muddin mai wurin tana raye da lafiyarta, sai da izininta.

Yaya Turai gajeriya ce, mai faɗin ƙirji, haƙoranta jajir da goro da fure. In ta danne hanci da babban yatsa da manuniya ta rangaɗa, masu wanki a bakin kududdufi sai sun ɗago kai. A nan aka haife ta, a nan ta auri Malam Ado, wanda ke fataucin goro. Da harkarsa ta kankama sai ya ɗauke ta suka koma zangon Kumasi, can ƙasar Asante. Allah bai ba su haihuwa ba. Shi ya sa da ƙanensa Isyaku ya sami 'yar fari, ana yaye ta aka damƙa wa Turai riƙonta. Yarinyar ita ce Uwani. A bayan Turai ta yi barci, a hannunta ta koyi tafiya, kuma ba ta san wata Inna ba sai ita. Uwar da ta haife ta, Hajo, saboda kunyar 'yar fari ko sunanta ba ta kamawa.

A Kumasi ne abin ya shiga ran Turai. Ta ba ni labarin nan ta kan katanga har na haddace shi. Wai wata shekara aka yi zaɓe, aka ce maza da mata duk su fito. Matan kasuwa suka rufe rumfuna, matan zango suka yafa mayafai, ita ma Malam Ado ya ce ta je. Ta bi layi Uwani na riƙe da babban yatsanta, don haka yarinyar ta saba tun tana tatata, ba ta kama zane sai yatsa. Aka ba ta takarda, ta shiga bayan labule ita kaɗai, ta jefa a akwatin da ranta ya so. Aka shafa mata tawada a yatsan. Suna fitowa Uwani ta sake cafke shi, tafin hannunta ya yi baƙi ƙirin, ta yi ta murna wai ita ma ta yi zaɓe.

"'Yardada," in ji ta, "bayan labulen nan ba miji, ba mai gari, ba kowa. Ni ce da Ubangijina. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa tambayata wa nake so ya riƙe ƙasa ba sai a garin mutane."

Ni kuwa a lokacin ina cikin kulle a gidan Malam Lawal baduku, mai rumfa a Ƙofar Wambai. Iyakar duniyata daga madafa zuwa rijiya. Sai in ce mata, "Kai, Yaya, ke dai da iya labari!" Amma in ta shige ɗaki nakan tsaya ina kallon nawa yatsan.

Malam Ado ya rasu a can. Ta gama takaba, ta ɗauro kayanta da Uwani a mota suka dawo Kano. Suka tarar Isyaku ya zama Alhaji, yana sayen gyaɗa, ya tayar da bene a kan zauren gidan gado, mutane na zubewa suna gaishe shi. Ya karɓe su hannu bibbiyu, kada in ci haƙƙinsa. Ya ba ta ɗakin da ke jingine da katangarmu. Tsohuwar mai guɗar unguwa ta riga ta kwanta ciwo, ta kira Turai ta sa mata albarka ta bar mata wurin. Ba a jima ba ta zama ba a suna ba a aure a Ƙofar Na'isa sai da ita. Tsakaninta da Alhaji kuma wasan ƙanen miji bai mutu ba. Mutane na ce masa Alhaji, ita tana ce masa Isyaku mai satar ƙanzo, don da aka kawo ta gidan yana yaro ne mai yawo da majina.

Uwani ta girma, ta daidaita da wani tela, Sani, mai keke a bakin kasuwa. Ita ta ga abinta ta ce tana so, aka bincika aka ga ɗan mutunci ne, aka sa rana bayan kaka. Zo ku ga Turai! Tasoshin da ta sayo tun daga Kumasi ta fito da su tana gogewa. Ta daina shan ruwan randa mai sanyi, ta daina cin yaji, kullum da safe sai ta lashi zuma. Na ce, "Yaya, ke za a aurar ne?" Ta ce, "Na yi wa 'ya'yan kowa guɗa, 'Yardada. Wannan ce tawa, kuma ba ni da wata bayanta. Guɗar da zan yi wa Uwani, sai an ji ta a Dala."

Shekarar ita ce alif ɗari tara da hamsin da tara, ana shirin babban zaɓen da zai kai ƙasa ga mulkin kai. Gari ya ɗauki zafi. Maza ba su da hira sai ta jam'iyya. Muna ji ana cewa matan Ikko da na sauran Kudu za su jefa ƙuri'a, mu na Arewa kuwa an ce ba da mu ba. Wasu 'yan adawa suna cewa a ba mu, manya suna cewa ba al'adarmu ba ce. Duk wannan a kanmu ake yi, amma ba wanda ya leƙo madafa ya ce, ke me kika gani?

Ran nan bayan la'asar aka kafa lacca a filin da ke tsakanin ganuwa da bayan gidajenmu. Aka kawo mota da lasifika, aka shimfiɗa tabarmi. Alhaji Isyaku ne mai masauki, shi ya ba da goro, yana zaune a kujera a gaba cikin babbar riga mai aska. Ni kuwa na kife turmi a gindin katanga na hau, na leƙa ta saman, mayafi a kaina. Kada ku tambaye ni ko Malam Lawal ya sani.

Mai laccar baƙo ne daga wata unguwa, siriri mai 'yar murya, ba don lasifika ba ko akuya ba za ta waiwaye shi ba. Ya yi ta zuba har ya zo kanmu.

"Wai a ba mata ƙuri'a!" in ji shi. "Wa ya aiki masu faɗin haka? Matanmu masu mutunci ne, suna ɗakunansu, ba su nemi komai ba. In akwai mace ɗaya tak a birnin nan da ta nemi ƙuri'a, to ta yi magana mu ji!"

Ya kama kunne yana juyawa, wai yana saurare. Maza suka kwashe da dariya. Ya san sarai duk muna bayan katanga, shi ya sa ya yi wannan cika baki. Wallahi raina ya ɓaci har turmin ya girgiza a ƙarƙashina.

Ashe Yaya Turai na tsaye a bakin lungu. Daga wani suna take, ƙwaryar tuwo a kanta. Ita ba ta cikin kulle, ta manyanta kuma ba miji. Na ga ta sauke ƙwaryar a hankali, ta gyara ɗaurin zane, ta kai hannu hanci.

"Ayyururuiii!"

Lasifikar kanta sai da ta ji kunya. Filin ya yi tsit, kowa ya waiwaya. Mai lacca kuwa baki har kunne, don shi a saninsa guɗa yabo ce, ba a yin ta sai ga abin da aka ji daɗi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Kun ji ko? Ga uwarmu ta shaida! Allah ya yi miki albarka, Gwaggo!" Maza suka ɗauki tafi.

Ta bar su suka gama tafinsu. Sannan ta ratso tsakanin tabarmi, takalmanta a hannu, ta tsaya inda kowa zai gan ta.

"Malam, ba yabonka na yi ba. Na yi ne don ku yi shiru, don ban san wata hanyar da maza ke yi wa mace shiru ba. Ka ce wadda ta nema ta yi magana. To ga ni. Sunana Turai, a unguwar nan aka binne cibiyata. Na jefa ƙuri'a a Kumasi da wannan yatsan, ban zama kafira ba, ban bar salla ba, mijina bai sake ni ba. Ina so in jefa a garinmu. Na nema. Kada ka ƙara cewa ba wadda ta nema."

Ta juya, ta ɗauki ƙwaryarta ta aza, ta shige lungu. Ba ta yi sauri ba.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Wasu samari suka yi sowa, dattawa suka yi ta salati, mai lacca ya yi ta buga lasifika da yatsa. Ni dai Alhaji Isyaku nake kallo. Ya sunkuyar da kai, hularsa kawai ake gani. Matar wansa, daga cikin gidansa, a gaban baƙin da shi ya gayyato.

Bayan magariba ya sa aka kira ta zaure, abokansa na zaune. Hajo ce ta ba ni labari daga baya, don tana laɓe a soron ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, kin kwance mini zane a kasuwa. Ba zan kore ki ba, don darajar Yaya Ado. Amma daga yau bakinki ba zai ƙara buɗewa da guɗa a gidan nan ba, har bikin Uwani. Sai fa in kin dawo zauren nan, a gaban mutanen nan, kin ce ɓacin rai ne ya ɗebe ki, ba ki neman wata ƙuri'a. In kin faɗi haka magana ta wuce."

Ta dube shi ta ce, "Isyaku, Uwani ka ce?"

Ya ce, "Uwani na ce."

Washegari da safe sai ga ta a tsakar gidanmu da tabarmarta da buta. Ta ce gidan da aka ɗaure mata baki ba ta iya kwana a cikinsa. Uwani ta so ta biyo ta, ta hana, ta ce amarya ba ta barin gidan ubanta ana saura kaɗan biki. Malam Lawal ya yi ta gunaguni wai za mu haɗa shi da manya. Na ce, "Malam, in ka iya, je ka ka gaya mata da bakinka ta fita." Ya leƙa ya ga idonta, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi kasuwa.

Daga nan aka fara sintiri. Tsofaffin unguwa, dangin Malam Ado, har matar liman. Kowa maganarsa ɗaya: "Haba Turai, kalma ɗaya ce fa. Ki faɗa da baki, zuciyarki tana nan yadda take. Ƙuri'ar nan ko kin janye ko ba ki janye ba, ba ba ku za a yi ba. Za ki yar da bikin 'yarki saboda abin da ba za ki samu ba?"

Gaskiya ce kuwa, ba za a ba mu ba, kuma ta sani. Ta bar su su gama, sannan ta ce, "Na ce ina so, kuma ina so. In na je na ce ba na so, na yi ƙarya a gaban dattawa. Da bakin da na yi ƙaryar zan yi wa Uwani guɗa? Kuma gobe mai 'yar muryar nan ya hau mota ya ce mace ɗaya ce ta nema, ita ma ta tuba."

Kada ku ɗauka dutse ce. Da rana, in an fara dakan biki a gidan Alhaji, lugude na tashi ta kan katanga, sai ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Na sha kama ta tana share ido da gefen zane. Ta rame, wuyanta ya fito. Amma zumar nan ba ta fasa lasa ba ko da safe ɗaya. Na ce, "Yaya, ta mece ce kuma?" Ta ce, "Ba ruwanki."

Ni kuwa ba ta sa ni komai ba, amma ina da baki kuma ina da katanga uku. Na gaya wa maƙwabciyata ta gabas abin da aka gindaya wa Turai, ita ta gaya wa ta gaba da ita. Mu matan kulle ba ma fita, amma magana in ta hau katanga ba ta sauka sai ta zaga unguwa. Ban ce wa kowa ta yi kaza ba. Na dai tambaya: matar da ta yi wa 'ya'yanku guɗa ranar da kuka haife su, ita za a hana ta yi wa tata, ku kuma ku buɗe baki a wurin?

Ranar biki ta zo. Aka ɗaura aure da hantsi. Alhaji ya aika unguwar Shahuci aka ɗauko mai guɗarsu, Gwaggo Uwa, tsohuwa mai ji da kanta, ba a gaya mata komai ba sai cewa ana bukatarta. Na roƙi Malam Lawal izinin zuwa biki, ya ba ni, na shiga na tarar an shimfiɗa mata tabarma an kawo mata waina da miya. Ta ci ta ƙoshi, ta wanke hannu, ta ɓare goro. Sannan ta duba hagu da dama.

"Wai ina Turai? Rasuwa ta yi ban ji ba?"

Na ce, "Tana raye, Gwaggo."

"Ciwo take?"

"Lafiyarta ƙalau. Ga ta can bayan katangar nan."

"Ita ta ce a kira ni?"

Mata suka kau da kai. Gwaggo Uwa ta tauna goronta ta tauna, ta ce, "To ni dai tun da na taso ban taɓa guɗa a kan guɗar wata ba, ba kuma yau zan fara da furfura ba. Wainarku ta yi daɗi." Ta gyara zama ta jingina da bango.

Aka ce to wata daga cikin gida ta yi mana. Nan fa tari ya ɓarke. Wannan ta ce mura take tun jiya, waccan ta ce hayaƙin girki ya shaƙe ta, wata ta ce ita haƙori ke damunta. Matan da na san in an yi haihuwa sai an toshe kunne saboda su, duk ranar suka zama marasa lafiya. Gida cike da mata, tukwane na tafasa, amma ka rantse zaman makoki ake.

La'asar ta yi, dangin ango suka iso ɗaukar amarya. Babbar gwaggon Sani ta tsaya a tsakar gida ta saurara, ta ce, "Lafiya? Mu fa ba ma ɗaukar amarya shiru sai ka ce sato ta muka yi. In akwai abin da ake ɓoye mana a faɗa." Aka yi ta ba ta baki. Uwani na ɗaki a lulluɓe, ƙafa da hannu sun sha lalle, ana jin shesshekarta daga waje.

Na zaga gidanmu da gudu in ba Turai labari, ina tsammanin za ta ji daɗi. Ina! Ta miƙe tsaye ido jajir.

"'Yardada, aikinki ne wannan? Wa ya sa ki? Ni na ɗauki abina ni kaɗai, ku kuma kun sa 'yata kuka ranar aurenta, dangin miji na zarginta!"

Ta fizgi mayafi. Na tare ƙofa na ce, "Ina za ki?" Ta ce, "Zaure. Matsa." Na san abin da za ta je ta faɗa. Abin da duk unguwa ta kasa sa ta, kukan Uwani ya sa ta cikin ƙiftawar ido.

Sai muka ji ana ƙwanƙwasa katanga da muciya. Muka ɗaga kai. Hajo ce, matar da ban taɓa jin muryarta ta wuce ta sauro ba, ta hau wani abu ta leƙo.

"Yaya," in ji ta, tana haki, "'yarki ta aiko ni. Ta ce ba kukan shirun take ba, kukan rashinki take. Ta ce in kika janye saboda ita, ba za ta yafe wa kanta ba. Ta ce ita ma tafin hannunta ya taɓa shan tawadar nan." Sannan ta ƙara da abin da ya fi ba ni mamaki. "Uwani ta ce za ta zauna a ɗakin nan har gobe in ta kama."

Ranar ce farkon ranar da na ji Hajo ta kama sunan 'yarta.

Turai ta tsaya, mayafi a hannu. Sannan ta ninke shi, ta koma kan tabarma ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

Rana ta yi ja, ladan ya kusa kiran magariba. Sai muka ji sallama a zaurenmu, muryar da duk unguwa ta sani. Alhaji Isyaku ne da kansa, ba ɗan aike ba. Turai ta fita, na bi ta na tsaya a bayan asabari. Ya yi gumi har babbar rigar ta manne masa a baya.

"Yaya, ki zo ki fitar da 'yarki."

"Na janye ne?"

"Ban ce ki janye ba. Ki zo kawai."

"A'a, Isyaku. A gaban mutane ka ɗaure, a gaban mutane za ka kwance. In na bi ka a ɓoye, gobe a ce Turai ta tuba a soro."

Ya dube ta, ta dube shi. Can ya ce, "Ke dai tun ina yaro kike wahalar da ni." Ta ce, "Kai ma tun kana yaro kake cin abin da ba a ba ka ba. Mu je."

Ƙofar gidansa cike take da maza, abokan nan nasa na zaune a kan tabarmi. Ya tsaya, ita tana gefensa, kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, maganar da Yaya ta yi ranar lacca, tana nan a kan bakanta. Ni ban yarda da ita ba, har gobe. Amma ba ta janye ba, ni ne na janye sharaɗina."

Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah." Wani ya yi tsaki. Turai ta durƙusa kaɗan ta gaishe su yadda ya kamata, ta shige.

Mata suka dare mata hanya. Ta fara zuwa wajen Gwaggo Uwa ta gaishe ta, tsohuwar ta ce, "Je ki yi aikinki, ni zan amsa miki." Aka fito da Uwani a lulluɓe, ƙawaye na riƙe da ita, ba ta ganin gabanta. Turai ta tsaya a bakin ɗakin, ta ja numfashi, ta ɗaga hannun dama za ta kai hanci.

Sai hannu mai lalle ya fito daga ƙarƙashin mayafi yana lalube. Ya sami babban yatsan ya cafke, ya ƙi saki.

Na ga fuskar Yaya Turai ta narke. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Na ce a raina, wayyo Allah, bayan duk wannan kuka zai cinye mata murya. Ta share ido da kafaɗa. Ba ta zare yatsan ba. Ta ɗaga hannun hagu, wanda ba ta taɓa guɗa da shi ba, ta danne hanci.

Ban san ko an ji a Dala ba. Na dai san tantabarun benen Alhaji sun watse, Gwaggo Uwa ta amsa, masu mura da masu ciwon haƙori duk suka warke a take, gidajen da ke bayan katanga suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya har bakin ganuwa. Ni ma na kama nawa hancin, Malam Lawal na waje yana ji, ban damu ba.

Haka suka ratsa zauren, suka fita ta tsakiyar mazan nan, Turai a gaba tana guɗa da hagu, Uwani a baya riƙe da yatsan.